BIRKIN AKORI-KURA: YADDA AKE GANE CIWONSA TUN KAFIN YA TSINKE

Motar akori-kura ita ce jakin wannan zamani. Ita ce take ɗauko hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa, ta kai taki gona, ta ɗauki siminti da katako, wani lokaci har marar lafiya takan kai asibiti. Da yawa daga cikin waɗanda suke bisa hanyoyinmu kuwa sun kwana biyu. Har yanzu akan gamu da Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ga kuma tsofaffin Toyota Hilux da Datsun suna ta fama da kaya.

Idan injin tsohuwar mota ya gaji, iyakarsa ya ƙi tashi, mai mota ya yi asarar wuni. Birki kuwa a kan gudu yake gazawa, ga kaya a baya, ga rayukan jama'a a gaba. Amma abin da ya kamata kowane direba ya sani shi ne, birki ba ya cika tsinkewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, yana nuna alama a ƙarƙashin ƙafar mai tuƙi. An shirya wannan ɗan littafi domin direbobi da masu motoci da makanikai su san waɗannan alamomi, su san abin da kowace take nufi, su kuma san inda za a fara dubawa.

YADDA BIRKIN MAI YAKE AIKI

Asalin hikimar ta fito ne daga wani masani ɗan ƙasar Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662. Shi ne ya bayyana cewa idan aka rufe ruwa cikin mazubi aka danna shi ta gefe ɗaya, matsin zai isa kowane lungu na mazubin daidai wa daida. Dalili kuwa shi ne ruwa ba ya matsuwa. Iska ita ce take matsuwa, kamar yadda kowa ya gani a ƙwallo ko a tayar keke.

A cikin mota, direba yana taka fedar birki, fedar ta tura fistan a cikin wani famfo da makanikai suke kira masta. Masta ya turo man birki ta cikin bututun ƙarfe da tiyon roba zuwa tayoyi huɗu. A yawancin akori-kura, tayoyin gaba suna da faifai, da wani maƙalli da ake kira kalifa wanda yake matse faifan ta gefe biyu. Tayoyin baya kuwa suna da ganga, watau durom, a cikinta akwai ƙaramar silinda wadda take buɗe takalman birki su goge cikin gangar. Waɗansu motocin da suka fi tsufa ganga ce a duk tayoyi huɗu.

Ga misalin yadda ƙarfi yake ƙaruwa. A ce direba ya taka da nauyin kilo 20. Idan tsawon fedar yana ninka ƙarfi sau biyar, kilo 100 ne zai isa masta. Idan kuma faɗin fistan na taya ya ninka na masta sau huɗu, kilo 400 ne zai matse faifai. Bayan wannan akwai wata baƙar tukunya mai faɗi tsakanin feda da masta, wadda ake kira busta, tana amfani da zuƙar iska ta injin ta ƙara wa ƙafar direba ƙarfi.

Saboda haka duk ciwon matsin birki yana komawa ga ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: ko mai yana zuba waje, ko iska ko tururi sun shiga cikin mai, ko mai yana zillewa ta gefen roba a cikin masta, ko kuwa wani abu ya tare masa hanya. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu ba zai bari a canza masa kayan da lafiyarsu ƙalau ba.

BINCIKEN KOWACE SAFIYA

Kafin a ɗora kaya, direba ya ba birki minti biyar.

1. Ya buɗe bonet ya duba kofin man birki. Man ya kasance tsakanin layin sama da na ƙasa. Yakan ragu kaɗan-kaɗan cikin watanni saboda cinyewar takalman birki, amma idan ana ƙara mai kowane mako, lalle akwai yoyo.

2. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ya duba cikin kowace taya. Danshi a bayan ganga ko a jikin taya ta ciki alama ce ta yoyo.

3. Ya taka feda a hankali, ya riƙe ta kamar daƙiƙa 30. Ta tsaya cak a wuri ɗaya, da sauran tazara tsakaninta da daɓen mota.

4. Ya gwada birkin hannu, sa'an nan ya gwada na ƙafa a tafiyar farko, tun motar tana tafiya sannu.

ALAMA TA FARKO: FEDA MAI LAUSHI KAMAR SOSO

Idan feda ta yi laushi, sai an yi ta famfo sau biyu ko uku kafin birki ya kama, mafi yawa iska ce ta shiga. Ƙarfin ƙafa yana ƙarewa wajen matse iskar maimakon ya isa taya. Iska kuwa takan shiga ne idan kofi ya taɓa bushewa, ko an kwance bututu ba a fitar da ita sosai ba, ko wata roba ta lalace. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Don haka fitar da iska kaɗai bai isa ba, tilas a nemo ƙofar da ta shiga.

Akwai wani ciwo mai kama da wannan. Idan takalman baya sun cinye sun yi nisa da ganga, feda za ta sauka ƙasa sosai kafin ta kama, amma idan ta kama za ta yi tauri. Ga hanyar rarrabewa: a ja birkin hannu, sa'an nan a taka feda. Idan ta kama tun daga sama, to, takalman baya ne suke bukatar a matso da su ko a canza su. Idan har yanzu tana da laushi, iska ce.

Tiyon roba da ya tsufa shi ma yakan kawo laushi, domin yakan kumbura kamar balan-balan idan matsi ya zo. Mutum ɗaya ya taka feda da ƙarfi, wani ya duba kowane tiyo. Wanda ya kumbura, ko ya tsattsage, ko ya jiƙe, a canza shi nan take.

ALAMA TA BIYU: FEDA TANA NUTSEWA A HANKALI

Wannan ita ce alamar da direbobi suka fi rainawa, ita ce kuwa mai haɗari ƙwarai. Mota tana tsaye a mahaɗar hanya, ƙafa tana kan birki, sai feda ta riƙa sauka sannu sannu har ta kai daɓe.

Sai a duba kofi. Idan mai yana raguwa, yoyo ne na waje. A bi bututun ƙarfe tun daga masta har baya, musamman inda aka ɗaure shi da jikin shasi, domin nan laka take maƙalewa tsatsa ta ci. A cire gangunan baya, a ɗaga robar da ke rufe bakin silinda. Idan aka ga mai a ciki, silindar ta lalace. A kuma duba inda masta ya haɗu da busta, da kuma saman feda ta cikin mota, domin masta yakan yi yoyo ta baya, man ya taru cikin busta ba wanda ya gani.

Idan kuwa mai bai ragu ba, ba a ga danshi ko'ina ba, amma feda tana nutsewa, to, robobin cikin masta ne suka gaji. Mai yana zillewa ta gefensu ya koma baya. Makanike zai tabbatar da haka idan ya kwance bututun da ke fita daga masta ya toshe ramukan da noti mai dacewa. Idan feda ta tsaya sama da tauri, masta lafiya yake, ciwon yana gaba. Idan ta ci gaba da nutsewa, masta ne. Idan cikin masta ya yi tsatsa ko ya kakkarce, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, gara a canza shi dungum.

Yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1960 suna da masta mai ɗaki biyu, kowane ɗaki da tayoyinsa. An yi haka ne domin idan ɓangare ɗaya ya fashe, ɗayan ya tsayar da mota. Alamar mutuwar ɓangare ɗaya ita ce feda ta sauka kusan daɓe, mota ta yi doguwar tafiya kafin ta tsaya. Wanda ya ga haka ya sani rabin birki ne ya rage masa, na kai mota gefen hanya ne kawai.

ALAMA TA UKU: BIRKI YA ƁACE A GANGARA

Direbobin da suke bin Hawan Kibo tsakanin Akwanga da Jos, ko hanyar sauka daga tsaunin Mambila, ko Milliken Hill a Enugu, sun san wannan ciwo. Birki lafiya lau a tudu, amma a tsakiyar gangara sai feda ta tafi daɓe. Idan aka tsaya aka huta, sai ya dawo kamar ba abin da ya faru.

Abin da ya faru shi ne man birki ya tafasa. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, ta murfin kofi da ta jikin tiyo. Bisa ƙa'idar da aka gindaya wa masu yin sa, sabon mai mai lamba DOT 3 ba zai tafasa ba sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin santigirad, DOT 4 kuwa digiri 230. Amma idan ruwa ya kai kusan kashi 4 cikin 100 a cikinsa, na farko yakan iya tafasa a digiri 140, na biyu a 155. Mota mai kaya da aka danne wa birki a doguwar gangara tana iya kai mai ga wannan zafi. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska.

Maganinsa biyu ne. Na farko, a zubar da tsohon mai duka a zuba sabo, kamar kowace shekara biyu, ko yadda littafin motar ya faɗa. Na biyu, a sauka gangara da ƙaramar giya, injin ya riƙe mota, a riƙa taɓa birki ana saki. Sakin mota a furi a kan gangara domin tattalin fetur ganganci ne da rai.

Idan a gangara feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa, ga kuma warin ƙuna, to, takalman ne da kansu suka yi zafi suka daina kamu. A nemi wuri a tsaya su huce, kada a watsa musu ruwa, domin faifai ko ganga za su iya lanƙwasa.

ALAMA TA HUƊU: FEDA TA YI TAURI KAMAR DUTSE

Idan sai direba ya miƙe a kan feda kafin mota ta tsaya, a fara zargin busta. Gwajinta ba wuya. A kashe injin, a taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, a riƙe ta, sa'an nan a tayar da injin. Idan busta tana aiki, feda za ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa. Idan ba ta motsa ba, a duba babban tiyon da ya taso daga injin zuwa busta ko ya tsage, da ɗan bawul ɗin da ke bakinsa. Jin ƙarar iska kusa da feda yana nuna robar cikin busta ta yage.

Masu motocin dizal su lura, injinsu ba ya samar da wannan zuƙa da kansa. Akwai wani ɗan famfo da aka tanada domin haka, a waɗansu tsofaffin motoci yana maƙale a bayan altaneta. Idan bel ɗin da ke juya shi ya tsinke, bayan taku kaɗan feda za ta yi tauri.

ALAMA TA BIYAR: MOTA TANA JA GEFE, KO BIRKI YA ƘI SAKI

Idan aka taka birki mota ta karkata dama, mai yiwuwa ne birkin hagu ne ba ya kamawa, haka kuma akasin haka. Dalili yakan zama fistan da tsatsa ta riƙe, ko takalmin da ya jiƙe da mai. Takalmin da ya sha man birki ko giris ba a wanke shi, canzawa ake yi, kuma na dama da na hagu tare.

Idan taya ɗaya ta yi zafi fiye da sauran bayan tafiya, birkinta ne bai saki ba. A ɗaga motar a kan jak, a sa mata abin tallafi mai ƙarfi, a ɗan kwance notin fitar da iska na wannan taya. Idan mai ya yi tsartuwa taya ta saki, tiyo ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya wuce amma ba ya barinsa ya dawo. Idan ba ta saki ba, fistan ne ya maƙale.

Idan kuwa duk tayoyi ne suke riƙewa bayan 'yar tafiya, a duba wasan feda. Tilas feda ta sami ɗan sakaka kafin ta fara tura masta. In babu wannan, ɗan ramin da mai yake komawa kofi ta cikinsa zai kasance a rufe, mai ya yi zafi ya kumbura, birki ya kama kansa.

Akwai kuma abin da ya shafi akori-kura musamman. Da yawa suna da wani bawul a baya, haɗe da gatarin tayoyin baya, wanda yake auna nauyin kaya. Idan mota ba kaya sai ya rage matsin da ke zuwa baya, idan da kaya ya ƙara. Idan ya maƙale, ko an cire sandarsa, ko an ƙara wa mota sifirin ba a sake daidaita shi ba, to, ko dai tayoyin baya su riƙa kullewa mota ta juya, ko kuwa su daina kamawa sosai a lokacin da kaya suka fi nauyi.

YADDA AKE FITAR DA ISKA

Aikin mutum biyu ne. Ana bukatar sifana daidai noti, da siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, da kwalba mai ɗan man birki a ƙasanta.

1. A goge murfin kofi kafin a buɗe, a cika shi da sabon mai.

2. A fara da tayar da ta fi nisa da masta. Tun 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin motocinmu yana hagu, don haka yawanci akan fara da baya ta dama, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, a ƙare da gaba ta hagu. Idan littafin motar ya ba da wani tsari, shi za a bi.

3. A sa tiyo a bakin notin iska, ɗaya bakin a nutsa cikin man kwalba.

4. Na cikin mota ya taka feda sau uku a hankali ya riƙe. Na waje ya kwance noti, mai da kumfa su fita, ya ɗaure, sa'an nan na ciki ya saki feda. Kada a saki feda noti yana buɗe.

5. A maimaita har mai ya fito garau ba kumfa. A riƙa duba kofi, domin idan ya bushe aiki ya koma farko.

A tsohuwar mota, a sa ɗan katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai daɓe. Ƙarshen masta wurin da roba ba ta saba zuwa ba yakan tara tsatsa, idan aka tura ta can sai ta yage. Sabon masta kuwa a fitar da iskarsa tun kafin a ɗaure masa bututu. Idan an cire kalifa biyu, a tabbata ba a musanya na dama da na hagu ba. Notin iska a sama yake zama, domin iska sama take taruwa.

ABUBUWAN DA BA A YI

Kada a zuba ruwa, ko ruwan sabulu, a madadin man birki. Ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma yana kawo tsatsa.

Kada a zuba baƙin mai, ko man giya, ko kananzir. Ko kaɗan ne ya shiga, robobi za su kumbura su lalace, sai an canza su duka.

Kada a haɗa DOT 5 da DOT 3 ko DOT 4, domin asalinsu dabam ne. A karanta abin da aka rubuta a murfin kofi. A sayi mai a cikin gwangwani ko robar da ba a taɓa buɗewa ba, a guji na awo. Araha ba ta ado.

Kada a daddaƙe bututun da ke yoyo da guduma, ko a toshe shi da ƙusa, a ce a lallaɓa da tayoyi uku. Kada kuma a yi masa faci da tiyon fetur. Bututun birki da bututun birki ake canza shi.

Kada a hure ƙurar cikin ganga da baki ko da famfon iska. Waɗansu takalman birki suna ɗauke da asbesto, wanda ƙurarsa take cutar da huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Man birki kuwa guba ne, yana kuma cin fenti. A ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

IDAN BIRKI YA TSINKE ANA CIKIN TAFIYA

Direba ya natsu. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya yi ta famfon feda da sauri, domin sau da yawa matsi yakan ɗan dawo. Ya riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ya ja birkin hannu a hankali yana danne da maɓallinsa, don ya iya sassautawa idan tayoyin baya suka kulle. Ya yi ta hon, ya nemi tudu ko yashi ko ciyawar gefen hanya. Kada ya kashe injin mota tana gudu, domin taimakon busta zai ƙare, sitiyari ma yana iya kullewa. A tuna kuma, idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka huɗu.

KIRA GA JAMA'A

Jami'an duba lafiyar motoci, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya wadda aka kafa a 1988, suna bakin ƙoƙarinsu a kan hanya. Amma ba su ne suke taka fedar kowace mota da safe ba. Direba ne yake fara jin alama, don haka wajibinsa ne ya faɗa. Mai mota, idan direba ya ce birki ya canza, ya ba da kuɗin gyara a ranar, kada ya ce a yi sawu ɗaya tukuna. Makanike kuma kada ya miƙa mabuɗi sai ya gwada motar da kansa, ya kuma nuna wa mai ita kayan da ya cire.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa abokan aikinsa a tasha da gareji. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya sa kowa ya koma ga iyalinsa lafiya.